Kada mu bar jaki mu daki taiki: sharhi kan aikin Majiya da na Keita



Yau sharhi za mu yi kan manyan ayyuka biyu da aka yi a ƙasarmu ta Adar. Na farko shi ne dashen itatuwan kare iska a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza. Na biyu shi ne furojen Keita. Dattawa sun yi aiki a cikinsu da hannunsu. Matasa sun tashi sun tarar da itatuwan da madatsun. An sha yaba ayyukan nan a rediyo da bakin baƙi. Yabo yana da daɗi, amma ba ya koya wa mutum kome. Mu awo za mu yi. Za mu faɗi inda aka dace, mu faɗi inda aka kasa, don mu san abin da za mu ɗauka mu kai gonakinmu.

Ka karanta sannu a hankali. In wata kalma ta yi maka wuya, tambayi na kusa da kai ko malamin aji.

Maganar da muka saba

In kaka ta yi kuma rumbu bai cika ba, ka tambayi mutum goma dalili. Tara za su ce maka: ruwa ne bai zo ba. Maganar tana da gaskiya. Wanda ya ga farin 1973, ko yunwar 1984 da ake kira El-Buhari, ko wahalar 2005, ba zai raina ƙarancin ruwa ba.

Amma ga abin dubawa. Gona biyu suna iyaka da juna. Hadari ɗaya ya zuba musu. Mai wannan ya ɗaure dami 60, mai waccan ya ɗaure 15. Ruwan sama bai san sunan mai gona ba. Ke nan akwai wani dalili bayan ruwan.

Bari mu yi ɗan lissafi, tunda mun koyi lissafi. Ana auna ruwan sama da milimita. In milimita 1 ya sauka kan hekta 1, lita 10,000 ke nan. Tano guda yana cin lita 200. Ke nan milimita 1 tano 50 ne. A ƙasar Keita, ruwan shekara yakan kama tsakanin milimita 300 da 400. Mu ɗauki 350. Ka ninka 350 sau 50, za ka samu tano 17,500 kan hekta guda. Wannan ruwa ne mai yawa. To, ina ya tafi?

A kan fako, inda ƙasa ta daskare kamar daɓe, rabin ruwan ko fiye yana iya gudu bai shiga ba. Ya gangara, ya haɗu da wani, ya fasa gebe, ya kwashi ƙasa mai kyau, ya je ya binne fadamar wani da rairayi. Mai gona yana tsaye yana kallon sama yana cewa ruwa ya yi kaɗan, alhali rabin abin da aka ba shi ya bi ta ƙarƙashin ƙafarsa ya wuce. Irin wannan ne Bahaushe ke cewa an bar jaki ana dukan taiki.

Ma'aunin da za mu yi aiki da shi

Matsala ba ta zuwa da dalili ɗaya. Rashin amfanin gona yana da dalilai da yawa: ƙarancin ruwa, gudun ruwa, iska, gajiyar ƙasa, ƙuduji, fara, tsutsar zangarniya, ɓarnar bisashe, rashin hannuwan aiki, tsadar iri da taki. Wanda ya ce zai yaƙe su duka rana ɗaya, ƙarfinsa zai ƙare bai kashe ko ɗaya ba. Don haka sai a yi tambaya uku.

Tambaya ta farko: a cikin dalilan nan, wanne ya fi nauyi a wannan wuri?

Tambaya ta biyu: wanne ne hannunmu zai iya kai wa?

Tambaya ta uku: in an soma aikin, wa zai iya ci gaba da shi da abin da yake da shi?

Dalili yana iya yin nauyi amma ya fi ƙarfinmu, kamar saukar ruwan sama. Wannan na Allah ne, sai roƙo. Wani dalilin yana hannunmu amma ba shi da nauyi, ko mun gyara shi rumbu ba zai ji ba. Abin nema shi ne dalilin da ya haɗa biyun: ga nauyi, ga shi kuma hannu yana kai masa. Can ya kamata gumi ya zuba.

Da wannan ma'auni za mu auna Majiya da Keita.

Majiya: an gano mai laifi

Kwarin Majiya ƙasa ce mai albarka, ruwan ƙasa kuma ba shi da nisa. Amma bayan farin shekarun 1970 itatuwa sun ƙare, kwarin ya zama fili. Da rani iskar hunturu tana kwashe ƙasar sama. Da farkon damina guguwar da ke gaban hadari tana yanke ƙananan shuka ko ta binne su. Manomi ya yi shuka sau biyu, sau uku, iri ya ƙare, lokaci ya wuce.

Wani ma'aikacin gandun daji na Buza, Dauda Adamu, ya dubi wannan hali ya ce iska ce babbar mai laifi a kwarin nan. Ya nemi taimako, ƙungiyar CARE ta Amurka ta amsa. A 1975 aka soma dashe wajen Garadume. An dasa dogon yaro layi biyu-biyu, a gicciye ga hanyar iska, tsakanin wannan jeri da na gaba mita 100. Daga baya an haɗa da bagaruwa. Kafin ƙarshen shekarun 1980, tsawon layukan ya wuce kilomita 300.

Masu bincike sun auna hatsin da ke cikin kariya da wanda ke fili. Sun samu ƙarin da ya kama daga kashi 15 zuwa sama da kashi 20 cikin 100, ko da an cire wurin da itatuwan suka ci. Wato mai dami 100 ya koma mai dami 115 ko 120. Tun daga 1984 aka soma sassake rassan manyan itatuwan, aka samu itacen wuta da na gini.

A tambaya ta farko da ta biyu, Majiya ta ci jarrabawa. Ba wanda ya ce zai ƙara wa sama ruwa. An zaɓi iska, don tana da nauyi a wurin, kuma ana iya rage mata ƙarfi da itace.

Amma akwai abin suka, kuma ba ƙarami ba ne.

Na ɗaya, an ja layukan a miƙe ba tare da duba iyakar gonaki ba. Wani layi ya ratsa gonarsa ya ci masa wuri, inuwa da saiwa suka rage masa amfani a gindin itace. Maƙwabcinsa bai rasa ko taki ɗaya ba, amma ya sha kariya. An auna ribar kwari gaba ɗaya, ba a auna hasarar mutum ɗaya ba.

Na biyu, an hana bisashe shiga har itatuwa su yi ƙarfi, aka sa masu gadi da ake biya, aka ci tara. Makiyayan da suka saba cin karan gonaki da rani sun takura. Mata masu awaki da tumaki su ma sun takura. Ga shi kuwa dabbar nan ita ce ke barin taki a gona.

Na uku, ba a yanke maganar mallaka tun farko ba. Itacen na wa ne? Na mai gona, ko na gari, ko na gwamnati? Sai da lokacin sara ya zo aka zauna neman amsa. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mutum ba ya tsaron abin da bai san ko nasa ba ne.

Akwai kuma gargaɗi ga mai son kwaikwayo. Dogon yaro ya yi kyau a Majiya don saiwarsa ta samu ruwa kusa. In ka kai wannan dabara kan dabagi ko kan fako, inda ruwa ke da nisa, itacen zai wahala. Kuma a can iska ba ita ce ta fi nauyi ba. Maganin ciwon kai ba ya warkar da ciwon ciki.

Keita: an tare ruwa tun daga sama

A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron Maradi kan yaƙi da hamada, zamanin shugaba Seyni Kunce. A shekarar ce aikin furojen Keita ya kankama. Ƙasar Italiya ta ba da kuɗi. Hukumar FAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta riƙe aikin, ƙarƙashin wani Ba'italiye mai suna Renato Carucci. Hukumar PAM ta kawo abincin da ake ba ma'aikata. Daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa ƙasar Buza da ta Abalak.

Ƙasar Keita ba kamar Majiya ba ce. Akwai dabagi a sama, akwai gangaren dutsi, akwai fako, sannan fadama a ƙasa. Masu furoje suka ce babban mai laifi a nan shi ne gudun ruwa. Kuma suka ce ba za a gyara ƙasa ba sai an soma daga sama.

Darasin yana gabansu. An gina madatsar ruwa ta Ibohaman a ƙarshen shekarun 1960 don noman rani. Ba a gyara tuddan da ke zuba mata ruwa ba. Kowace damina ruwa yana kawo laka da rairayi, har ruwan da take riƙewa ya ragu ƙwarai. An kashe kuɗi a ƙasa, ciwon kuwa yana sama.

Saboda haka a Keita aka bi ruwa mataki mataki. Kan dabagi da fako, tarakta ta fasa ƙasa, aka yi kunyoyi aka lulluɓe su da duwatsu. A gangaren dutsi aka haƙa ramuka masu tsawo da hannu, aka dasa itace cikin kowane. A cikin ƙoramu aka gina shingaye na ragar waya cike da duwatsu, don ruwa ya rage gudu ya bazu cikin fadama. Aka kafe jigayi masu tafiya. Aka yi madatsu, da rijiyoyi, da hanyoyi, da makarantu.

Cikin wajen shekara 20, an farfaɗo da ƙasa fiye da hekta 30,000, an dasa itace wajen miliyan 18. Wanda ya san tuddan Keita a 1984 ya kuma gan su yau, ba sai an ba shi labari ba. Gani ya kori ji. Wuraren da ko ciyawa ba ta fita sun ba da hatsi da dawa. Ƙasan madatsu an samu noman rani.

Ke ƴar'uwa mai karatu, wannan yabo naki ne da na iyayenki. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne, don maza sun tafi bida Najeriya da Abijan da sauran wurare. Duk wanda zai ba da tarihin Keita bai ambaci mata ba, tarihinsa bai cika ba.

A tambaya ta farko, Keita ta dace sosai. Gudun ruwa shi ne mai nauyi, kuma an bi shi tun daga tushe. Matsalar tana wajen tambaya ta biyu da ta uku.

Mun ce a nemi abin da hannu ke kai wa. To, hannun wa? Abin da furoje mai tarakta da katafila da manyan motoci zai iya, manomi mai hauya da jaki ba zai iya ba. Motoci ne suka kawo duwatsu daga nesa. Injin ne ya fasa fako. Waya daga waje take zuwa. Ranar da motocin suka tsaya, wannan irin aiki ya tsaya. Shingen da ruwa ya fasa yana jiran mai gyara, kuma gyaran ya fi ƙarfin gari ɗaya.

Sai maganar abinci. A shekarar yunwa, abincin PAM ya ceci rayuka, ya hana garuruwa watsewa. Ba mai hankalin da zai raina wannan. Amma abin ya daɗe har wasu suka ɗauka cewa jera dutse aikin furoje ne, ladarsa kuma abinci. Da abinci ya yanke, hannuwa suka yi sanyi. Alhali kakanninmu na Adar sun san jera duwatsu a gona, abin da ake kira gandari, tun kafin wani furoje ya zo, kuma ba wanda ya biya su.

Sai maganar ƙasa. Fako da ba mai so, da ya farfaɗo sai ya samu masu shi da yawa. Matan da suka yi wahalar aikin ba su ne suka fi samun gonakin ba. Wata mai bincike, Benedetta Rossi, ta zauna a ƙasar Keita, ta fitar da littafi kan tarihin Adar a 2015. Ta nuna cewa aikin bai hana maza tafiya bida ba, don abin da mutum ke samowa a waje ya fi abin da furoje ke ba shi.

A nan akwai dalili mai nauyi da duwatsu ba su taɓa ba. Jama'ar ƙasar Keita ta ninka fiye da sau uku tsakanin farkon shekarun 1960 da farkon shekarun 2000. Gonar da ta ciyar da mutum 5 yanzu ana jiran ta ciyar da 15. Ko an ƙara mata amfani, bakuna sun riga ta gudu. Wannan bai sa aikin ya zama banza ba. Da ba a yi shi ba, da halin ya fi haka muni. Amma wanda ya ce maka furoje ya kashe talauci a Keita, ya faɗi abin da ya wuce gaskiya.

Ƙaramar dabara mai tafiya da ƙafarta

Don mu gane tambaya ta uku da kyau, mu leƙa maƙwabta.

A 1989 wani furoje na ƙasar Illela ya kai wasu manoma yankin Yatenga na Burkina Faso. Can suka ga yadda ake haƙa ramuka kan fako da rani, a zuba taki, a shuka hatsi ciki in ruwa ya sauka. Mu ma muna da irinta, tassa, sai dai tasu ta fi faɗi da zurfi kuma ana sa mata taki. Suka dawo suka gwada. Damina ta 1990 ta yi ƙarancin ruwa. Gonakin tassa suka ba da hatsi, na kusa da su suka ƙone. Daga nan ba a bukaci mai wa'azi ba. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Har aka kai ga mutane suna sayen fako da kuɗinsu don su yi masa tassa.

A ƙasar Maradi kuma, tun daga 1983, wani ɗan Ostiraliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da muke sassabewa kowace shekara suna da rai. In an bar tsiro biyu ko uku masu ƙarfi aka datse sauran, sai su zama itace. Ba reno, ba ban ruwa, ba sayen kome. Wannan shi ne sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ya kai wajen hekta miliyan 5 a Nijar, da itace wajen miliyan 200. Ka gwada wannan da miliyan 18 na Keita. Abin da ya taimaka masa ƙwarai shi ne manomi ya samu tabbacin cewa itacen da ya rena a gonarsa shi zai ci amfaninsa.

Tassa tana da wahala. Haƙa ramuka dubbai cikin zafin bazara ba wasa ba ne, kuma sai da taki. Ba ta dace da jigawa ba, don rairayi yana cike ramin. Ba za ta iya tare babbar ƙorama ba. Amma kayan aikinta suna cikin gidanka: hauya, kwando, kashin awaki, da ƙarfin jiki. Shi ya sa ta yi tafiya ba tare da mota ba.

Hukuncin wannan sharhi

Majiya da Keita duka sun gano mai laifi na gaskiya, kowace a wurinta. Wannan shi ne babban abin koyi. Ba su tsaya kukan ruwan sama ba, kuma ba su kawo magani ɗaya ga kowace ƙasa ba.

Inda suka gaza wuri ɗaya ne. Sun auna ƙasa da ruwa da iska da kyau, amma ba su auna mutane da irin wannan kulawa ba. Wa ke da itacen? Wa zai samu gonar? Ina makiyayi zai bi? Wa zai gyara in baƙi sun tafi? Waɗannan ma dalilai ne masu nauyi, kuma suna hannunmu fiye da kome, don ba sa bukatar tarakta. Zama suke bukata, da magana, da rubutu.

Kada kuma mu ce manyan ayyuka ba su da amfani. Babbar ƙorama sai babban shinge, kuma wannan aikin gwamnati ne da masu taimako. Hakkinmu ne mu nema, mu matsa wa hukumomi. Amma kada jiran babban aiki ya hana mu ƙaramin da ke gabanmu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ma'aunin ba na gonar hatsi kaɗai ba ne

Kai mai albasa a kwarin Tarka, wajen Madawa, gwada ma'aunin nan. Kukanka shi ne farashi. Ana yanke farashi a kasuwannin Abijan da Akara. Iyaka tana iya rufewa, kamar yadda aka gani a 1984 da 2023. Waɗannan suna da nauyi, amma ba a hannunka suke ba.

To, me ya sa kake sayarwa lokacin girbi, sa'ad da kowa ya fito da tasa kuma buhu ya faɗi? Ko bashi ne ya matsa maka, ko kuwa albasar ba ta ajiyuwa. Me ke ruɓar da ita cikin rudu? Takin zamani da ya yi yawa, ban ruwa har gab da cira, rashin shanya ta bushe da kyau, da zuba mai rauni tare da lafiyayya. Waɗannan huɗu duka suna hannunka. Bashin kuma ƙungiya tana iya rage masa ƙarfi. Wanda ya iya riƙe albasarsa wata uku ko huɗu, shi da farashi sai su yi ciniki.

Aikin da za ku yi a aji

Ga aikin da za ku yi tare, a aji ko a dandali.

1. Ku zaɓi matsala ɗaya tak ta garinku. Kada ku haɗa biyu.

2. Kowa ya faɗi dalilan da ya sani. Mai rubutu ya rubuta su a allo. Ku zana da'ira a ƙasa don kowane dalili.

3. A ba kowa tsakuwa 10. Ya raba su cikin da'irorin, ya fi zuba wa dalilin da yake gani ya fi nauyi. Mata su yi nasu dabam, maza nasu dabam, makiyaya nasu dabam, sannan a gwada. Za ku ga awon bai zo ɗaya ba. Wannan bambanci shi ne abin tattaunawa. Da an yi haka a Majiya, da an ji kukan masu awaki tun da wuri.

4. Ku ƙirga tsakuwoyin, ku rubuta adadin gaban kowane dalili.

5. Ku raba dalilan kashi uku: wanda ya fi ƙarfin ɗan Adam, wanda sai da gwamnati, da wanda gari ko gida zai iya.

6. A kashi na uku, ku ɗauki wanda ya fi tsakuwa. Shi ne aikin bana. Ku rubuta wa zai yi me, da yaushe, da kuma wa zai ci amfanin. A karanta takardar gaban maigari da liman, a ajiye ta.

7. A kashi na biyu, ku ɗauki wanda ya fi tsakuwa, ku rubuta wasiƙa zuwa ga hukuma. Yanzu kun iya rubutu, ba sai kun nemi mai rubuta muku ba.

Abu ɗaya ya rage. Tsakuwa ra'ayi take nunawa, kuma ra'ayi yana iya kuskure. Don haka ku gwada a ƙasa. Ka raba gonarka biyu. Yi wa rabi tassa ko gandari, ka bar rabi yadda yake. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya. Da kaka ka ƙirga damman kowane ɓangare, ka rubuta a littafinka. Ka sake a shekara ta biyu, don damina ɗaya ba ta isa shaida ba. In dabarar ta biya wahalarta, ka faɗaɗa. In ba ta biya ba, ka koma kan allo ka duba dalili na gaba. Amfanin karatu ke nan: abin da ka rubuta bara ba ya canza magana bana.

Ku aiko mana da abin da awonku ya nuna, da sunan garinku, da dalilin da ya fi samun tsakuwa. Dattawan da suka yi aiki a Majiya ko Keita, maza da mata, muna son jin bakinku. In kun ga sharhin nan ya yi muku rashin adalci a wani wuri, ku faɗa, za mu buga.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu ikon riƙe abin da ya saukar. Amin.